Lamba Ɗaya

Da ƙarfe tara na safe Sufeton 'yan sanda ya zo kamfanin ajiyar bayanai karɓar wani bidiyo, aka buɗe rumbun ajiya na farko a kwamfuta aka tarar wayam. Aka duba na biyu, shi ma haka. Bidiyon da kyamarar wata masana'anta ta ɗauka ranar da inji ya kashe wani lebura, wanda kotu ke jira gobe, ya yi ɓatan dabo.

Ido ya koma kan Injiniya. Ita ke tsara yadda rumbunan kamfanin guda uku, kowanne a garinsa, ke kwafar kaya daga juna, kuma kwamfuta ta nuna da lambar sirrinta aka yi gogewar. Sufeto bai ɗaga murya ba. Ankwa kawai ya ciro ya ajiye kusa da kofin shayinta, sai ta tuna 'yarta da ake tashinsu daga makaranta ƙarfe ɗaya.

Mutum uku kaɗai ke shiga ɗakin kwamfutocin nan mai sanyin tsiya. Manaja ya nuna tikitin jirgi, kwana huɗu ba ya gari, kuma ko firinta sai an kunna masa. Saura ita da Dogo, tsohon hannu, wanda ya shekara ashirin yana haɗa layukan sadarwa kafin a dawo da shi nan. Dogo ya ce shi kam bai san komai ba, amma Injiniya yarinya ce, a yi mata a hankali. Wannan tausayin ya fi ankwar ba ta tsoro.

Ta roƙi Sufeto minti biyar ta leƙa rumbu na uku. Har sau biyu tana kuskuren dannawa. Ga bidiyon nan, lafiya lau.

Ta binciki ƙa'idojin kwafi. Rumbu na biyu dama madubin na farko ne, abin da aka goge can ya tafi nan. Na uku kuwa ta kafa masa ƙa'ida mai lamba goma: a kwafi komai, amma ban da umarnin gogewa. Ƙarƙashinta ga wata sabuwa da aka dasa jiya, mai cewa a kwafi gogewar. Lambar da aka ba sabuwar ita ce ɗaya.

Ta sunkuya ta yi wa Sufeto raɗa. Ya yage takarda gida biyu, ya miƙa mata, ya miƙa wa Dogo.

"Ƙa'idar da kuke so ta danne kowacce, wace lamba za ku ba ta? Ku rubuta."

Ta rubuta ɗari. Dogo ko tunani bai yi ba, ya zana ɗaya, sai kuma alƙalamin ya tsaya cak a hannunsa.

Sufeto ya ce ta yi bayani. Ta ce a aikin layuka, inda Dogo ya tsufa, ƙaramar lamba ce ke gaba. A rumbunan nan babba ce ke cin ƙarama. Ta sha gyara masa, yana dariya yana cewa hannu ya riga ya saba. Wanda ya saci lambar sirrinta ya so gogewar ta bi har rumbu na uku, ya ba ƙa'idarsa ɗaya yana ganin ya ɗora ta a kan kowa, ashe a ƙasan tata ya ajiye ta.

Aka kunna bidiyon. Mutumin da aka gani a ciki yana kwance murfin kariyar injin, Dogo ya kasa kallonsa. Ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Da ni za a tafi, Baba Dogo," ta ce. "Ka sani."

Bai ɗago ba. Sufeto ya ɗauke ankwar daga gefen kofinta, ya zagaya teburin ya nufi Dogo.

Ƙarfe ɗaya saura kwata Injiniya tana bakin ƙofar makaranta. Da 'yarta ta fito, ta riƙe hannunta gam har yarinyar ta ce, "Mama, da zafi."