Lungun Da Aka Toshe

Da yamma liƙis Auta ta zagaya da mahaifinta cikin jami'ar da take koyarwa. Shi ya zana rabin gine-ginen wurin, amma tun da ya yi ritaya bai sake leƙowa ba. Suna tafe a ƙasa, yana dogara sanda yana faɗa. An rufe tagogin ɗakin karatu da baƙin gilashi. Bangon dutse kuma an liƙa masa tayil irin na banɗaki.

"Wanda ya yi wannan, ko akurkin kaji ba zan ba shi ya gina ba."

"Baba, zamani ne."

"Zamanin jakai."

A ginin kimiyya ya tsaya cak. Da can akwai dogon lungu da ya ratsa ginin daga gabas zuwa yamma. Yanzu an toshe bakinsa biyu da bulo, an sa ƙofa da taga ta yamma.

"Wa ya toshe hanyar nan?"

"Ni na nema. Ofishina ne. Shekara da shekaru ba ni da wurin zama, ga fili kwance babu mai bi."

"Babu mai bi?" Ya rage murya. "Hanyar aljanu ce tun kafin mu haƙa harsashi. Muna gina bango yana faɗuwa, har na gane. Na yi musu alkawarin barin hanyarsu, su bar mana ginin."

"Haushi kawai kake ji an taɓa zanenka," in ji ta. Ta shiga ɗauko jakarta, ta bugo ƙofa.

Rana ta faɗi. Tsuntsaye suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali ba a yi ruwa ba.

Sai ya ji tafiya. Ƙafafu ba takalmi, masu yawa, daga gabas. Suka iso bangon can. Suka tsaya.

Bulo ya fara ƙara.

"Auta, fito."

"Ƙofar ta ƙi buɗuwa," ta ce a raɗe.

Wata busasshiyar murya ta yi magana dab da kunnensa. "Kai ka yi alkawari."

Ba tsoro ya ji ba. Ransa ne ya ɓaci.

"Na yi, kuma na cika. Sakamakona ke nan? Ku taɓa min 'ya ku gani."

Ya fasa tagar da sanda. Ya zura hannu, ya fizgo ta.

Bangon gabas ya rufta. Na yamma ya biyo.

Wani sanyi ya wuce ta kansu, yana huci.

Hukumar jami'a ta ce siminti ne bai isa ba, amma ba a sake toshe lungun ba. Hannun da mahaifin ya jawo Auta da shi ya shanye. Ita ke ba shi abinci a baki yanzu, safe da yamma. Har yau bai yafe mata bangon ba, ita ma ba ta yafe masa ofishin ba.