Mai Surutu da Rediyon Kaka

A wani gari can bayan duwatsu, an yi wata yarinya mai surutu. Kakanta yana da rediyo irin wanda ake magana a amsa. Ya nuna mata maɓallansa: "Wannan na neman tasha ne, wannan na ƙara murya. Wannan kuwa, ki danna ki yi magana, ki saki ki ji."

Rannan ta kira babanta da ke aiki a nesa. Ta danna, ta yi ta zuba. Shiru. Ta ƙara murya, ta yi ta zuba. Shiru.

Idanunta suka ciko. "Kaka, Baba ya manta da ni!"

"Jikalle, ɗaga yatsanki."

Tana ɗagawa, sai ga muryar babanta yana dariya: "Duk na ji, uwata. Ni ma ina da labari."

Ta buɗe baki, sai ta rufe, ta matso da kunne.