Filasma Ba Ta Kwanciya

"Kowa ya kwanta! Duk wanda ya ɗago kai ya ga ta kansa!"

Muryar Gatari ce ta karaɗe shagon kayan lantarki da rana tsaka. Masu saye suka zube ƙasa. Talabijin sun jeru a bango suna ta nuna ƙwallo, babu mai kallo.

Gatari ne ogan gungun, kuma tsarinsa mai sauƙi ne: a kwashe talabijin samfurin LCD marasa nauyi, a loda a bayan a-kori-kura, a ware. Direbansu Birki yana waje da mota a kunne. Sunan nan tsokana ce, don ba a taɓa ganin ya taka birki da son ransa ba. Na ukunsu Sululu, mutum marar hayaniya, shi aka ɗora wa ɗauko kaya.

Ya ɗauko ta farko. Ya ɗauko ta biyu. Sai ya wuce can ƙuryar shago, ya tsaya gaban wata ƙatuwar talabijin samfurin filasma.

"Kai! Uban me kake yi a can?" in ji Gatari.

"Wannan tawa ce, Oga."

Abin da Gatari bai sani ba, tun ranar da ya tura Sululu leƙen asirin shagon a matsayin mai saye, zuciyar Sululu ta maƙale a ƙuryar nan. Mai shagon, wani dattijo mai furfura a gemu, har kujera ya jawo masa ran nan.

"Wa za ka saya wa, ɗana?"

Sululu ya zo da ƙaryarsa a baki, amma gaskiya ce ta fito. Babansa ne. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, wuyansa ma ba ya juyawa. Ƙwallo kaɗai ta rage masa a duniya. 'Yar LCD ɗinsu tana kan kabad, don babu wani wurin a ɗakin, shi kuwa tsoho daga ƙasa yake hango ta a kaikaice, sai ya ga mutane sun koma inuwa. Duk ranar wasa Sululu ne ke tsayawa ya karkato masa ita, ya riƙe har hannuwansa su sage.

"To filasma ce maganinka," in ji dattijon. "Koma gefe ka gani. Durƙusa. Ka ga kalar ta canza? Ko kaɗan. Baƙinta baƙi ne wuluk, ƙwallo ba ta jan jela in an buga. LCD ta fi ta sauƙin ɗauka, ta fi ta ƙarancin shan wuta, amma sai ka fuskance ta take yi maka fara'a. Ita kuwa wannan nauyi gare ta, sai mutum biyu. Kuma gilashi ce zalla. Ba a kwantar da ita a mota, a tsaye take tafiya. Ka je ka shirya, zan yi maka ragi. Allah ya ba Baba lafiya."

Sululu ya fito yana jin kunyar kansa. Duk da haka, a ranar ya kafa ƙarfen rataye talabijin a bangon ɗakin babansa, ya ce masa babba tana nan tafe.

Yanzu ga shi fuska a rufe, yana kokawa da ita shi kaɗai.

"Birki! Zo ka kama min!"

Birki ya sha zama a bakin gadon baban Sululu suna musun ƙwallo. Bai yi tunani ba. Ya bar sitiyari ya rugo ciki.

"Kun haukace ne? Wa ya ce ka bar mota?"

Suka ciccibe ta. Ta rinjaye su, ta fara kifewa. Dattijon yana kwance rub da ciki a bayan kanta, amma sabo ya fi ƙarfin tsoro. Ya ɗago kai.

"A tsaye, ɗana, a tsaye! Af — ba kai ne mai Baba marar laf—"

Tau!

Bindigar Gatari ce ta tashi. Ba ya barin wanda ya gane fuska ko murya. Dattijon ya koma ƙasa, hularsa ta gangara har ƙafar Sululu.

"Oga! Me ya yi maka?"

"Kai ka kashe shi, ba ni ba. Mu ware!"

Telan da ke tsallaken titi ya riga ya buga waya tun ihun farko, yana kan layi har suka ɗora filasmar a mota. A ofishin 'yan sanda Sufeto ya ajiye cokalinsa ya suri hula.

"Wace irin mota?"

"Farar a-kori-kura, Yallaɓai. Wai akwai ƙatuwar talabijin a tsaye a baya."

"A tsaye? To sun ɗaga mana tuta. Mu je!"

Birki ya fizgi mota. Gatari da Sululu suna baya. Sululu ya rungume filasmar da ƙirjinsa, ƙafafu a ware, kamar mai riƙe majinyaci. Ga jiniya tana matsowa!

Suka kutsa cikin cunkoso. Farar mota irin tasu ta fi a ƙirga a titin, da sun saje. Amma baƙin gilashin nan ya zarce kan kowace mota, yana walƙiya a rana.

"Kwantar da shegiyar nan!"

"Za ta fashe, Oga!"

"Ta fashe mana! Ita suke bi!"

"Na yi wa Baba alkawari."

Ga tudun rage gudu a gaba. Sululu ya buga rufin mota da goshinsa, don hannuwansa ba su da sarari.

"Birki — a hankali!"

Kuma Birki ya taka birki. Motar 'yan sanda ta cim musu har ana ganin fuskar Sufeto.

Gatari ya dubi Sululu. Tare suka taso a layi ɗaya, tare suka sha dukan farko a hannun hukuma. Duk wannan bai hana shi ba. Da suka sha kwana, ya ɗaga ƙafa ya tokare bayan filasmar da dukkan ƙarfinsa.

Sululu ya tafi da ita. Ko a iska bai sake ta ba. Ya faɗi da baya a kan kwalta, ita kuma ta faɗo masa a kwance — tartsatsa!

"Kar ka motsa!" in ji Sufeto.

Ina zai motsa? Ƙafa ta karye, gilashi ya cika masa fuska. Kuka yake yi, kuma ba don ciwon ba.

Birki ya waiwayo neman abokinsa. Waiwayen nan ne ya kai motar jikin ginshiƙin gada. A nan ya cika, sitiyari a ƙirjinsa. Gatari ya dirgo ya shige kasuwa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dattijo mai shago ya bar mata da 'ya'ya, da kujerar da yake jawo wa baƙi.

Washegari da yamma, ƙanwar Sululu ta gama goge wa babansu jiki, ta kunna 'yar talabijin a kan kabad. Tun jiya ta sani. Ta ce masa Yaya ya yi tafiya.

Labarai ake yi. Aka nuno wani zaune a ƙasa, ƙafa a ɗaure, fuska duk tsaga, fasasshiyar talabijin a gabansa. Daga inda take tsaye tana ganinsa ƙarara. Daga kan gado, inuwa ce kawai.

"'Yan fashi aka kama?" in ji tsohon, harshensa na sarƙewa. "Allah ya shirya. Iyayensu nake tausaya wa. Uwata, ɗan karkato min ita in ga fuskarsa."

Ta kai hannu ta dafa talabijin ɗin. Hawaye na zuba, ba ta bari ya ji ba.

"Ta maƙale, Baba. Ba ta juyawa."

"Bar ta, kar ki wahala." Ya lalubi ƙarfen da ke bango da ido, ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. "In yayanki ya kawo babbar, komai zan gani."