Yashin Bakin Teku

Nuriyya ta shigo falon da tire a hannu, ta durƙusa ta ajiye shi gaban Alhaji Awwalu. Babu gahawa a kai, babu dabino. Faranti ne guda, cike da yashi.

"Bismillah, Baba," ta ce. "Ɗanɗana."

Ranar ganin amarya ce, bayan la'asar, a gidan kawunta Ɗan'azumi da ke unguwar Hindawiyya a Makka. Abdulwasi'u, mai neman aurenta, yana zaune gefen mahaifinsa. Murmushin da ya tarbe ta da shi ya ɓace.

"Ke Nuriyya!" Kawu ya daka mata tsawa. "Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa ba ne, Kawu. Alhaji ɗan kwangila ne, ya san yashi. Ya faɗa mana ko da gishiri a ciki."

Alhaji ya daɗe yana kallonta. An gaya masa marainiya ce, sunan mahaifinta Rabe. Bai taɓa tambayar wane Raben ba.

"Malam Rabe magini," ta ce. "Yanzu ka tuna?"

A 2011 kamfanin Alhaji ya samu aikin katangar tare ruwa a wani ƙauyen masunta kudu da Jidda, inda teku ke cin ƙasa kowace shekara har ta fara shiga ɗakuna. Malam Rabe ne shugaban magina. Yana da al'ada tun daga gida: ba a zuba siminti sai ya ɗora yashin a harshe. Ranar ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce na bakin teku ne, gishirinsa zai cinye rodi. Alhaji ya ce lokaci ya ƙure, a ci gaba.

Bayan shekara biyu katangar ta faɗi cikin wata iska mai ƙarfi. Ruwa ya shiga gida arba'in da uku. Alhaji ya shaida wa masu bincike cewa maginin ne ya kwaso yashin a ɓoye. Aka soke iƙamar Malam Rabe, takardar izinin zamansa, aka fitar da shi daga ƙasar bayan shekara ashirin da shida a Makka. Burinsa ɗaya ne a duniya, a binne shi a nan. A Birnin Kebbi aka binne shi, cikin dangi masu sunkuyar da kai in an ambaci sunansa.

"Sharaɗina ɗaya ne," in ji Nuriyya. "Ka je masallacin ƙauyen ranar Juma'a, ka faɗa musu wanda ya sa aka kwaso yashin."

Alhaji ya miƙe, ya gyara rawaninsa.

"Ɗan'azumi, kun kira ni ne ku ci mutuncina? Abdulwasi'u, yalla, tashi!"

Abdulwasi'u bai tashi ba. Sai da ƙofa ta rufe bayan mahaifinsa, sannan ya yi magana a hankali.

"Nuri… wata goma sha ɗaya muna tare."

"Da kwana tara."

"Lallen da kika yi wa ƙanwata Asma a bikinta?"

"Ni na nemi aikin. Lambarka nake so."

"Da Ummanki ta ce ba ta yarda da auren nan ba, kika kwana biyu kina kuka?"

"Sai da na yi kukan nan Kawu ya yarda ya rufa asirina."

"Habibi da kike kira na fa?"

"Kalma ce. Har mai shago yana faɗa."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka karanta wa sakamakon asibiti. Ya gaishe da Kawu, ya sa takalminsa, ya fita.

Kafin magariba Saudat, 'yar baffan Abdulwasi'u da aka so haɗa su tun suna yara, ta cika wayoyin dangi da saƙon murya. "Ba na faɗa muku ba? Yarinyar da ba ta da asali! Ai ga shi nan!" Umma Mairama ta ji saƙon, ta kashe wayar, ta dubi Nuriyya.

"Kin san yaron nan bai yi miki komai ba?"

"Baba ma bai yi wa kowa komai ba, Umma."

Mako uku ba kira, ba saƙo. Nuriyya ta ci gaba da zuwa yin lalle gidajen amare a unguwar Aziziyya. Wayarta dai tana kife a cinyarta, kuma duk ƙarar da ta yi sai ta duba.

Ranar Asabar bidiyo ya shigo daga lambar da ba ta sani ba.

Abdulwasi'u ne tsaye a ƙofar masallacin ƙauyen, masunta sun kewaye shi. A bayansa ana hango sabuwar katangar da yake kula da gininta, wadda ta fi tsohuwar tsayi da mita ɗaya da rabi, da layin ƙananan itatuwan shura, masu jure ruwan gishiri, da aka dasa cikin laka don su karya ƙarfin igiyar ruwa. Takardu biyu ne a hannunsa. Ya karanta ta farko da Larabci: umarnin kwaso yashi daga gaɓar teku, da sa hannun mahaifinsa. Ya karanta ta biyu: wasiƙar Malam Rabe, layi huɗu, yana cewa shi bai yarda ba.

Wani tsohon masunci ya dafe kai.

"Shekara huɗu muna zagin mutumin nan. Allah Ya yafe mana."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga.

Nuriyya ta kalla sau uku, sannan ta tura Birnin Kebbi. Da rana Asma ta kira tana kuka: Alhaji ya cire yayanta daga kamfani, ya ce kada ya sake taka masa gida.

Abdulwasi'u ya zo ranar Litinin da hantsi, da jaka ɗaya a kafaɗa. Kawu ya zauna a bakin ƙofa ya ba su baya.

"Na gani," ta ce. "Na gode, Abdul."

"Kada ki gode. Don Malam Rabe na yi, da mutanen da ruwa ya shiga ɗakunansu. Na samu aiki a garin Jizan, su ma teku ta taso musu. Yau zan tafi."

"Yau?"

"Sallama na zo yi wa Kawu da Umma."

Ta shirya maganganu da yawa cikin kwana biyu. Guda ɗaya ce ta fito.

"Ba duka ne ƙarya ba…"

"Daga wane wata ya zama gaskiya?"

Ta kau da kai.

"Nuriyya, ke mai ƙidaya ce. Wane wata?"

"Na huɗu."

"Kuma kika ci gaba wata bakwai."

"Na yi rantsuwa a kan Baba! Me kake so in yi?"

"Ki tambaye ni." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ranar da muka fasa ragowar tsohuwar katangar, na murza rodi da yatsa ya zama gari. Tun ranar nake neman fayil ɗin, tun kafin in san ki. Da kin tambaye ni a watan farko, da tare muka nemo shi."

"Abdul, habibi…"

"Har mai shago yana faɗa."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Na yafe miki, wallahi. Amma ba zan iya zama da matar da zan riƙa tambayar kaina wane watan muke ciki ba."

Ya durƙusa ya gaishe da Umma ta bayan labule. Ta sa masa albarka. Ya sauka matakala, ya tsayar da tasi.

Nuriyya ta zauna a inda ya bar ta. Wayarta ta fara ƙara, saƙo bayan saƙo daga Birnin Kebbi. Gwaggo ta ce an nuna bidiyon a ƙofar gida. Baffa ya ce yau ya ɗaga kai a kasuwa. "Allah Ya yi miki albarka, 'yar Rabe. Kin fitar da mu kunya. Allah Ya ba ki miji nagari."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta musu "Amin."