Motar da Ta Kasa Kai Kaka Kan Dutse

A ƙauyenmu, can cikin tsaunukan Maramuresh, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kakanta, tsoho Toader, yana kiranta 'Yar Akuya, don babu dutsen da ba ta hawa. Kanta yana ja sosai. Ita kaɗai ce ta iya kwamfuta a gidansu.

Abu ɗaya ne ke ci mata rai, wato tsohuwar a-kori-kurar babanta. Motar ta sha duniya. Ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Warin tumaki ya kama kujerun, ko an wanke ba ya fita. Duk ranar da babanta Gavrila ya sauke ta a makaranta, sai wani ɗan ajinsu mai suna Mirel ya toshe hanci.

"Ga motar cuku ta iso," in ji shi. "A ba gimbiya hanya."

Sai sauran su kwashe da dariya. Yarinyar ba ta taɓa faɗa a gida ba. Haɗiyewa take yi, abin yana taruwa a ranta.

To, a garinmu akwai ranar awon madara. Kowace shekara, a watan Mayu, ana haɗa tumakin gari a kai su wurin kiwo kan dutse. Da tsakar rana kowane gida ya tatsi nasa. A zuba madarar a bokitin katako, a tsoma sandar awo. Inda madarar ta tsaya, shi ne rabon cukun gidan har ƙarshen kiwo. Sandar nan a hannun Kaka Toader take. Shekara hamsin da uku yana riƙe da ita, bai taɓa fashi ba, kuma ba a taɓa yi masa musu ba.

Sai dai a bana ƙafafunsa sun ƙi. Daga gado zuwa bakin ƙofa ma sai an riƙe shi. Tsohuwar motar kuma ba ta iya hawan dutse. Shi ya sa Gavrila ya yanke shawarar sayen sabuwa. Ya dafa kafaɗar mahaifinsa ya yi masa alkawari cewa ko ana ruwan duwatsu zai kai shi wurin awo.

Wata Asabar da safe suka zauna gaban kwamfuta, uba da 'ya. Motar aji uku ce. Akwai ta aiki, akwai matsakaiciya, akwai ta ƙarshe mai kujerun fata da wili masu ƙyalli da ƙaton allo a gaba. Gavrila ko kallon ta ƙarshen bai yi ba. Ya ɗora kaurin yatsansa a kan ta aiki. Ya ce a ƙara mata abu huɗu: tayoyi masu manyan haƙora, farantin ƙarfe a ƙarƙashi saboda duwatsu, injin ja mai igiyar ƙarfe a gaba, da makullin tayoyin baya.

"Mene ne makullin, Baba?"

"Idan taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma ta tsaya. In ka danna makulli, sai su juya tare. Shi ne ran motar. Kome za ki manta, kar ki manta da shi."

Ta nuna masa mai ƙyallin, ta ce ai wannan ta fi kyau. Ya yi dariya, ya tambaye ta ko tumaki ne za su zauna a kujerar fata. Ana cikin haka Mama ta leƙo ta ce wata tunkiya tana naƙuda. Ya miƙe.

"Ki gama ki tura. Na yarda da ke."

Ya fita, ya bar ta da allo. Ta daɗe tana kallon baƙar motar nan mai sheƙi. Ta ga kanta tana saukowa daga ciki a ƙofar makaranta, Mirel ya saki baki. Sai ta danna ta ƙarshen, wai don ta gani kawai. Farashi ya haura. Ta cire farantin ƙarfe, ya sauko kaɗan. Ta cire injin ja. Ta mayar da tayoyin na kan kwalta. Saura kaɗan farashin ya dawo daidai da na wadda babanta ya zaɓa. Yatsanta ya tsaya a kan makullin. Ta ce a ranta, ai sabuwar mota ce, kuma babba, wane taɓo ne zai riƙe ta? Ta cire shi, ta tura.

Da takardar ta zo, Gavrila ya duba farashin da ke ƙasa kawai, ya ga daidai ne, ya sa hannu. Wane uba ne zai binciki 'yarsa?

Wata uku aka yi ana jira. Motar ba ta iso ba sai ranar Juma'a da yamma, ana gobe awo. Wata babbar mota ce ta kawo ta, ta kuma tafi da tsohuwar. Gavrila ya zagaya ta sau biyu, fuskarsa ta ɓaci. Babu injin ja. Tayoyin sumul kamar tafin hannu. Ya kira dillalin da ya sayar musu da ita, ofis a rufe sai Litinin. Ya yi ta faɗa, yana cewa mutanen birni ba sa jin magana, sun haɗa masa motar wani.

Yarinyar tana tsaye, ta yi tsit. Daidai nan Mirel ya zo wucewa a keke. Ya tsaya, ya yi fito.

"Taku ce? Kai, wannan ai ta minista ce."

Daɗi ya cika ta har kunne. Ɗan guntun maganar da ta taso mata ta koma ciki.

Kwana uku ke nan ana ruwa. Da sassafe Mama ta bi garken da ƙafa tare da sauran mata. Can sai ga Tanase, shugaban makiyaya, ya tsaya da keken dokinsa a ƙofar gida. Ya ce hanya ta lalace, ko za a ba shi tsoho ya tafi da shi? Gavrila ya yi godiya. Ya ce keken doki zai jijjiga ƙasusuwan Baba. Ya ce motar da ta kai wannan aji ba za ta rasa makulli ba, yana nan cikin maɓallan nan masu yawa.

Yarinyar ta ji da kunnenta. Ta san babu. Ta buɗe baki, sai ta sunkuya tana gyara igiyar takalmi. Tanase ya kaɗa dokinsa ya wuce.

Aka sa wa Kaka farar rigarsa ta biki da ƙaramar hularsa. Aka ɗauke shi aka zaunar a gaba, sandar awo a kan cinyarsa. Sai tsokanar jikarsa yake yi, wai yau 'Yar Akuya ta zama 'yar birni. Ta yi murmushin dole.

A kan kwalta motar kamar jirgi. Da suka shiga daji ta fara santsi. Sun haye lanƙwasar hanya biyu da ƙyar. A gangaren wani rafi, rabin hanya, sai ji kake ƙum! Cikin motar ya zauna a kan dutse, tayar baya ta nutse. Gavrila ya taka mai. Taya ɗaya ta yi ta juyawa tana watsa taɓo, ɗayar ko motsi.

Ya shiga neman makulli. Ya danna wannan, kiɗa ya tashi. Ya danna wancan, fitilu shuɗaye suka kama a ƙasan ƙafa. Ya sake danna wani.

"Gavrila," in ji Kaka a hankali, "kujerar nan ta fara ɗumama ni. Amma ba mu motsa ba."

Gavrila ya fita. Ya tura duwatsu da rassan itace ƙarƙashin taya. Ya shiga taɓo har gwiwa da wandonsa na biki. Waya babu sabis. Ga ƙaton icce nan a gabansu, taku goma, da akwai injin ja da tuni sun fita. Ya rantse ranar Litinin sai ya kunyata dillalin nan a gaban jama'a.

Sai suka ji dogon ƙahon makiyaya daga sama. Kiran tatsa ne. Tun jiya ba a tatsi tumakin ba, ba za su iya jiran kowa ba. Kaka ya cire hularsa, ya juya fuska ga gilashi. Yarinyar ta ga hawaye yana bin gemunsa. Ba ta taɓa ganin Kaka yana kuka ba, ko ranar da aka binne matarsa.

"Baba, ba dillali ba ne," ta ce. "Ni ce. Ni na canza. Babu makulli a motar nan, ni na cire shi."

Ta faɗi komai, har da maganar Mirel da motar cuku. Ta zaci zai daka mata tsawa. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya dube ta kawai, taɓo yana ɗiga daga hannunsa.

"Canjin da kika yi, wauta ce ta yara," ya ce. "Amma da safe Tanase ya tsaya a ƙofarmu da doki. Kina tsaye. Kalma ɗaya, da yanzu kakanki yana sama."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ta fashe da kuka.

Kaka ya share fuska da hula. Ya miƙo sandar ta taga.

"Kukan ya isa. Mutane suna jira, kuma ba a awo da wata sanda. 'Yar Akuya, nuna mini sunan nan ba a banza na sa miki ba."

Ta karɓa ta ruga. Ta bar hanya ta bi ta cikin itatuwa. Ta faɗi sau uku. Ƙaya ta yage mata siket, takalmi ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi. Da ta isa, an gama tatsa, kowa yana tsaye da bokitinsa ana kallon hanya. Ta tsaya gaban Tanase tana haki, ta gaya masa abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Mirel yana wurin. Wannan karon bai yi dariya ba.

Tanase ya tura mutane da dawaki biyu su ɗauko Kaka. Amma madara ba ta jira. Ya ce tun kakanni gidan Toader ke riƙe sanda, kuma ga jinin Toader a tsaye. Haka ta durƙusa gaban bokitin katako, ƙafa ɗaya babu takalmi, tana tsoma sanda tana faɗin awo.

Aka zo kan madarar gidansu, wadda Mama ta tatsa. Ta gidan su Mirel ce aka auna kafin ita. Ta tsoma, ta zaro. Tasu ta gaza da yatsa biyu. Ita kaɗai ke ganin sandar da kyau, da ta ɗan karkata ta babu mai ganewa. Ta faɗi yadda yake da ƙarfi.

Rana ta karkata kafin keken doki ya iso da Kaka. An wanke bokitai, an kife su. An ci rabin tuwon masara da cuku. Shekara hamsin da uku, sai a ta hamsin da huɗu aka yi awo babu shi. Ba abin da zai mayar da wannan.

Aka zaunar da shi a kan bargo. Yarinyar ta kawo sandar, ta kasa ɗaga ido. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ji danshin madara. Ya tambayi Tanase ko hannun yarinyar ya yi rawa.

"Ya yi rawa sosai," in ji Tanase. "Amma ta ba gidan su Mirel yatsa biyu a kan gidanku."

Kaka ya jawo ta ya zaunar kusa da shi.

"Yau kin ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Kin zaɓi abin da ido ke so, kin bar abin da hanya ke so. Kika ƙara da yin shiru. Amma wanda ya faɗi gaskiya a kan bokitin gidansu ya isa riƙe sanda." Ya ɗora mata ita a cinya. "Baɗi ke za ki auna, ni ina gefe ina kallo. Sai dai a keken doki za ki kawo ni."

Mutane suka yi dariya. Har Gavrila sai da ya murmusa.

Ranar Litinin suka je birni tare. Da bakinta ta gaya wa dillalin cewa ba laifinsa ba ne. Aka canza tayoyi, aka ɗaura faranti da injin ja. Makullin kuwa, an ce sai daga masana'anta, ba ya sawuwa daga baya. Har yau idan motar ta maƙale, ita ke fita ta ja igiya cikin taɓo ta ɗaura a icce, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Yara, idan aka ba ku amanar zaɓi, ku zaɓi abin da zai yi aiki, ba abin da zai burge 'yan aji ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, tun keken doki yana tsaye a ƙofar gida.