Man Shafawar Iya

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Mu'minat na biye da yayarta, Adda Larai, suna neman layin 'yan riɗi. Daga Gagarawa suka zo. Sana'arsu haɗa man shafawa a gida, ga shi man riɗinsu ya ƙare.

Gaban wani dogon saurayi suka tsaya. Ya ciko kwano ya miƙo, sai idon Mu'minat ya sauka a kan hannunsa. Fatar ta bushe ta yi fari, gaɓoɓin yatsun duk sun tsattsage. Ba ta san lokacin da magana ta kuɓuce mata ba.

"Wayyo, Malam, wannan hannun ba ya ciwo?"

Tana faɗa ta ja hijabi ta rufe baki. Adda Larai ta juyo da mamaki, don Mu'minat ko sallamar baƙo ta ji a zaure sai ta shige ɗaki.

Saurayin ya yi dariya. "Yana yi mana. Aikin zoɓo ne da riɗi. Kullum sai na lafta masa basilin, amma shiru."

"A bushe kake shafawa?"

"To da a yaya zan shafa?"

"Basilin ai murfi ne," ta ce a hankali, idonta a kan buhu. "Ba ya kawo laima, wadda ya tarar yake tsarewa. Ka wanke hannun, kada ka goge shi sosai. Ka ɗiga gilisirin ya jawo ruwa cikin fatar, sannan ka bi da man kaɗe."

"Ikon Allah! Adda, ina kika samo wannan likitar?"

Adda Larai ta ba shi ƙaramar roba ta mansu, mai lambar waya a murfi. Ya ce sunansa Abdurra'uf, daga Gumel. Har suka hau motar gida Mu'minat tana maimaita sunan a ranta.

Ba a jima ba saƙo ya shigo wayar da suke kasuwanci da ita.

"Salamu alaikum Likita. Hannu ya warke sumul. Amma tun ranar kasuwa wani ciwon ya kama ni a ƙirji. Shi kuma me ake shafa masa?"

Adda Larai ta karanta da ƙarfi tana ƙyalƙyala dariya. Mu'minat ta fizge wayar ta gudu bayan rumbu. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta tura: "Wannan ba a shafa masa komai. Wajen Babana ake zuwa."

Ai kuwa ya zo. Duk Juma'a bayan la'asar sai an ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Yana kiranta Zumata, ita kuma ta ce Yaya, tana wasa da bakin tabarma. Mahaifinta ya yi bincike ya gamsu, ya ce ya turo magabatansa.

Sai dai mahaifiyar Abdurra'uf, wadda kowa ke kira Iya, ta so a ce Ummukulsum ya nema, 'yar ƙanwarta da ke zaune a wajenta. Ba ta hana shi ba, ba ta kuma ce a je ba.

"Zumata, ki haɗa wa Iya mai na musamman," in ji shi wata Juma'a. "In ta shafa, wallahi da kanta za ta tashi Bappa ya zo tambaya."

"Me take so, Yaya?"

"Ƙamshi! Ɗakinta kullum kamar shagon turare."

Mu'minat ba ta saba sa turare a manta ba. Amma kyautar uwar miji ce, ina za ta aika abu salam? Ta narka man kaɗe mai kyau, ta tace, ta zuba man riɗi da gilisirin da zuma kaɗan, ta buga har ya yi fari kamar kindirmo. Sannan ta tsiyaya turare mai ƙarfi, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Tana rufe robar tana murmushi ita kaɗai.

Juma'ar da ta biyo babur bai zo ba. Saƙo ne ya zo.

"Zumata, akwai matsala. Iya ta shafa, hannuwanta da wuyanta sun yi ja sun feso da ƙuraje, sai da muka je asibiti. Ummukulsum ta ce mata asiri kika zuba don ki mallake gidan. Iya ta ce a bar maganar auren. Ni ban yarda ba, kuma ba zan bar ki ba."

Mu'minat ta zube a tsakar gida tana kuka. Adda Larai ta karanta, ta ɗaure zani tamau.

"Asiri? Mu? Tashi ki kwaso duk abin da kika zuba. Gumel muka nufa."

"Adda, gidan surukai? Wallahi ba zan iya ba!"

"Ko ki ji kunya ki rasa miji, ko ki sa hijabi. Zaɓi ɗaya."

Ta sa hijabi.

Sun tarar da Iya zaune a kan darduma a inuwar darbejiya, hannuwanta duk tabo. Ummukulsum na gefe tana tsinke zogale. Suka durƙusa suka gaida Iya, ta amsa a daƙile.

"Iya, jaje muka zo," in ji Adda Larai, "kuma a ba mu ragowar man nan."

Da aka kawo, Adda Larai ta lakato ta mulke fuskarta, ta mulka wa Mu'minat. "In asiri ne, ya fara da mu."

Ummukulsum ta taɓe baki. "Mai abu ai ya san makarinsa."

"Ke, da manya nake magana."

Mu'minat ta kwance ƙullin kayanta. Ta jera su gaban Iya, kanta a sunkuye.

"Wannan man kaɗe ne, Iya, shi ke tausasa fata. Wannan na riɗi ne, don ya bi jiki. Wannan gilisirin, wannan zuma, su ke riƙe laima. Sai wannan..."

Ta miƙa 'yar kwalba. Iya ta buɗe ta kai hanci, ta yi saurin janye kai.

"Innalillahi! Ashe turare ne zalla? Ni na ɗauka ƙamshin man kanti ne irin na yanzu. Yarinya, wa ya ce ki zuba min wannan?"

Mu'minat ta ƙara sunkuyar da kai. Ko za a yanka ta ba za ta kama sunan Abdurra'uf a gaban mahaifiyarsa ba. Sai aka ji gyaran muryarsa daga bakin zaure.

"Ni ne, Iya. Na ce mata kina son ƙamshi."

Iya ta saki baki. "Kai yaron nan! Tun kana goye ka taɓa ganin na sa turare a fatata? Kaya nake turarawa, sakarai! Ni da ko sabulu mai ƙamshi ba na wanka da shi?"

Adda Larai ta tuntsire da dariya. Iya ta so ta daure, amma sai da gefen bakinta ya motsa.

"Duk da haka ban gama yarda ba," ta ce. "Ki haɗa wani a nan, a gabana, da tukunyata."

Aka hura gawayi. Mu'minat ta narka, ta tace, Iya da kanta ta karɓi ludayi ta buga. Babu turare ko ɗigo.

"Iya, kada ki shafa a jiki duka," in ji Mu'minat. "Ki ɗan goga a cikin damtse, inda babu ƙuraje, ki bar shi ya kwana. In bai yi ja ba, sai ki ci gaba bayan maganin asibitin ya gama aiki."

Iya ta dube ta sosai a karon farko. Sai ta miƙo mata damtsen.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Mu'minat ta ɗauka a guje, tana zaton saƙo ne. Kira ne, kuma muryar Iya ce.

"'Yata, kin tashi lafiya? Wajen nan luwai, ko ƙaiƙayi babu. Na ɗora miki abin da ba ki yi ba, ki yafe min. Ki ce wa Babanki Bappan yaron nan yana tafe."

Mu'minat ta juya ta faɗa wa yayarta. Adda Larai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Bayan an girbe gero aka ɗaura aure a Gagarawa, motoci suka ɗauko amarya zuwa Gumel ana ta kiɗa da guɗa. Ummukulsum ma ta huce, har ita ta riƙo wa amarya mayafi. Da aka kai Mu'minat gaban Iya, sai Iya ta jawo ta jikinta a gaban mata.

"Ku shaida, wannan ba suruka ba ce, 'yata ce. Ni na so in kore ta, ita kuma ta zo har gida ta yi min magani. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

"Amin!" gida ya ɗauka baki ɗaya.

Da mata suka ragu, Abdurra'uf ya leƙo ɗakin, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Zumata, yau kuma bayan wane rumbu za ki gudu?"

Mu'minat ta ɗaga mayafin kaɗan, ta dube shi ido cikin ido.

"Na iso inda za ni, Yaya."