Hoton Da Ba A Taɓa Ɗauka Ba

Ranar da ta fara aiki a situdiyon, shi ne mutum na farko da ya ɓata mata rai. Ta miƙa masa katin kyamararta cike da hotunan sabbin gidajen da za a yi wa talla, ya buɗe su a babban allon kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce sun yi kyau amma ba zai iya aiki da su ba.

Ta tambaye shi dalili, fuska a ɗaure. Ya ce aikinsa shi ne ya ƙera mutane a kwamfuta, tun daga fata har tufafi, ya dasa su cikin hoton gaske: mace na tafe da jaka a farfajiya, dattijo zaune a benci. Ita kuma ba ta nuna masa ta ina haske ya faɗo ba. Idan inuwar mutanensa ta kalli gabas, ta bishiyoyi ta kalli yamma, ko makaho zai gane ƙarya ce.

"To ka fito ka ga ranar da idonka mana," in ji ta. "Ko tsoronta kake ji?"

Abokan aiki suka kwashe da dariya. Dama Mai Aljanu suke kiransa, saboda mutanen da yake sakawa a hoto babu uwar da ta haife su, kuma ba ya fita daga ɗakinsa mai baƙin labule sai sallah ta fitar da shi.

Washegari sai ga shi a bakin mota, riƙe da wata ƙwallo ta ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi. Duk inda za ta ɗauki hoto sai ya ajiye ta a ƙasa, ta fara ɗaukarta tukuna, domin a jikinta ake ganin sama da bango da inda rana ta tsaya. Tun tana yi tana tsaki, har ta koma ita ke tuna masa. Kafin a gama aikin gidajen ya raɗa mata suna 'Yar Rana, ita kuma ta daina jin haushin sunan.

Wani yammaci saƙonsa ya shigo wayarta: "'Yar Rana, yau na saka mutum takwas a hotonki, duk sun zauna daidai. Ni kaɗai na rasa inda zan tsaya. Akwai wuri kusa da mai kyamarar?"

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta amsa: "Akwai, amma mai wurin yana da uba. Ka zo da inuwarka ta gaske ka gaishe shi."

Babanta kafinta ne, yana da shagon kujeru da ƙofofi. Ya karɓi gaisuwar saurayin da mutunci, ya tambaye shi sana'arsa, ya saurara har ƙarshe. Bayan ya tafi ne ya ce wa 'yarsa shi bai natsu ba. Mutumin da abincinsa yake cikin nuna wa jama'a abin da babu, yaya za a yi a gane ranar da yake faɗin gaskiya? Kuma ai ta san da maganar ɗan amininsa.

Ta sani. Ɗan aminin Baba a situdiyon yake shi ma, shi ke hulɗa da masu kawo aiki, kullum cikin guga da turare har ana kiransa Ɗan Kwalisa. Shi ya yi mata hanyar aikin, kuma tun daga lokacin yake kallonta kamar kayan da aka riga aka ba shi ajiya. Ta faɗa masa a fili cewa zuciyarta na wani wuri. Ya yi murmushi kawai, ya ce a dai yi ta tafiya.

A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne ta ba Mai Aljanu labarin mahaifiyarta. Ta rasu Baba yana tsaka da ginin gidan da suke ciki yanzu, ko sau ɗaya ba ta taka barandar da ta ce a yi mata ba. Auta ma, ƙanwarta, tana goye aka yi rasuwar. Hotunanta kaɗan ne, duk sun kode. Ta ce wani lokaci takan tsaya a tsakar gida ta yi ta ƙoƙarin ganin Umma a bakin barandar nan, ta kasa.

Ya nemi ta ba shi tsofaffin hotunan ya gyara mata launinsu. Ya gyara ya mayar. Abin da bai faɗa mata ba shi ne bai tsaya nan ba. A lokutan hutu ya riƙa ƙera fuskar, ya aro tsayuwar daga 'yarta, ya ɗauko wani hoton barandar da 'Yar Rana ta taɓa turo masa, ya tsayar da Umma a ciki. Ya daidaita hasken hantsi a kumatunta, ya kwantar da inuwarta a kan tayal, har ɗan duhun da ke ƙarƙashin takalmi bai bari ba. Da ya gama sai shi kansa abin ya ba shi tsoro. Ya ajiye a ma'ajiyar kwamfutocin situdiyon, wadda duk ma'aikata ke iya buɗewa, yana ta juya yadda zai nuna mata, ko ma ya fasa.

Wata safiya 'Yar Rana tana shirin fita ta ji kukan Auta daga falo. Yarinyar na riƙe da waya, tana tambayar Baba me ya sa aka ce mata Umma ba ta taɓa zuwa gidan nan ba, ga ta kuwa a baranda. Hoton ya shiga zauren hirar dangi na waya, har an fara jero addu'o'i a ƙarƙashinsa, wasu na tambayar yaushe aka ɗauka.

Baba ya karɓi wayar. Ya kalla na ɗan lokaci, ya zauna a hannun kujera. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi 'Yar Rana ya tambaye ta aikin wane ne, alhali ya san amsar.

"Kada ya sake tako mini ƙofar gida," ya ce. "Ke kuma ki zaɓa, ko shi ko ni."

Ta shige ɗaki ta rubuta wa Mai Aljanu: "Na ba ka amanar hotunan mahaifiyata ka mayar da ita tallan gwanintarka. Auta tana kuka, Baba ya kasa tsayuwa. Kada ka sake kirana."

Amsarsa ta zo nan take: "Ni na yi hoton, ba zan musa ba, kuma ban nemi izininki ba. Amma wallahi ban tura wa kowa ba. 'Yar Rana, ki saurare ni ko sau ɗaya ne."

Ta toshe lambarsa. Ta ɗauki hutu daga aiki. Ɗan Kwalisa kuwa sai ya ƙara yawan zuwa gidan, yana jajanta wa Baba, yana cewa dama shi ya daɗe yana jin tsoron irin waɗannan mutanen. Har aka fara maganar manya su zauna kan aurensa da ita.

Goggo, yayar Baba, ita ce ta saka hoton a zauren, kuma abin ya hana ta sukuni. Ta zo gidan ba da haƙuri, a cikin bayani ta ce ita ai yaron nan mai turare ne ya turo mata, ya ce kyautar da Mai Aljanu ya shirya wa dangi ce, a nuna wa kowa. Ta buɗe wayarta ta nuna saƙon. Baba ya karanta, ya miƙa wa 'yarsa. A ranar ya kira amininsa, suka daɗe a waya, daga nan Ɗan Kwalisa bai sake zuwa ba.

Amma Baba bai sauko ba. Ya ce wanda ya watsa daban, wanda ya ƙera daban, kowa da laifinsa.

Mai Aljanu bai jira an kira shi ba. Ya ɗauki kwamfutarsa ya nufi shagon da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa cikin ƙarar injin yankan katako har Baba ya kashe shi. Ya durƙusa a kan garin katako, ya ce ya zo ne ya goge aikin a gabansa, daga tushe, yadda ba wanda zai sake taɓa shi.

Baba ya share hannunsa da tsumma. Ya ce ya buɗe ya gani tukuna.

Allon ya kawo haske. Ga Umma nan ba baranda ba komai, tsaye a fili mai toka-toka. Saurayin ya motsa yatsa bisa kuskure, sai fuskar ta juyo gaba ɗaya ta kalli Baba. Dattijon ya dafe teburin aiki.

"Ka san abin da ka yi mini, yaro?" in ji Baba. "Shekaru ina riƙe da fuskarta a raina, tana dusashewa, ina lallaɓa abina. Yanzu in na rufe ido taka nake gani, ba tawa ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan madannai. Ya ce so ne ya rufe masa ido, ya ɗauka duk abin da hannu zai iya yi ya halatta a yi shi. Ya goge fuskar, ya goge tufafin, ya goge hasken da inuwar, ya nuna wa Baba ma'ajiyar ta zama wayam. Baba ya kunna injinsa, ya ce masa ya tafi.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Goggo ta yi ta zarya, Auta ma ta shiga roƙo. 'Yar Rana ba ta roƙa ba, ta dai rame, ta ce wa Baba duk abin da ya yanke ta karɓa. Wata ranar da ta kai masa abinci shago, ya ce ta zauna. Ya ce shi ya ga masu laifi da yawa a rayuwarsa, amma ba kasafai yake ganin wanda ya kawo kansa ya rushe aikin hannunsa don a huce ba. Ya ce ta faɗa wa saurayin ya turo magabatansa.

Ta fito daga shagon tana tuntuɓe da katako, ta buɗe lambar da ta toshe: "Mai Aljanu, Baba ya ce ka turo. Mutanen gaske yake nufi, ba na kwamfuta ba."

"Masu tari da atishawa zan turo, 'Yar Rana," ya amsa. "Kin yafe mini?"

"Na yafe. Amma daga yau komai sai ka tambaye ni."

"Zan iya kiranki yanzu?"

An ɗaura auren cikin taro madaidaici. Gado da kujerun ɗakinta Baba ne ya yi su da hannunsa, bai bar ma'aikatansa sun sa ko ƙusa ba. Da za a tafi da ita ya kama hannunta ya ɗora a kan na mijinta, ya riƙe su duka biyun ya kasa saki, har sai da Goggo ta ce in ba zai saki ba to ya shiga motar a tafi da shi. Aka yi dariya, shi ma ya yi, idonsa jawur.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Ya sa gaskiya a tsakaninku, Ya ba ku zuriya mai jin ƙanku. Ku je, na yarda."